YADDA A KE SA FUREN DA AKA YANKE YA DAƊE BAI YI YAUSHI BA

 Yau hirarmu bisa fure ce, wato furen da aka yanke da karansa, aka sa cikin kwalba da ruwa don ƙawata ɗaki.

Wani zai ce: mi ya haɗa mu da fure? Gaskiya ne, a ƙauyukanmu ba a saba yankan fure a kai ɗaka ba. Manomi in ya ga furen wake ko na kuɓewa, ɗiyan ya ke jira. Amma a wasu ƙasashe fure kayan ciniki ne, kamar yadda albasa ta ke a Galmi. A Yamai da sauran manyan garuruwanmu ma ana neman fure don otal, da buro, da wurin biki. In kana da lambu, wannan wata ƙofa ce ta samun kuɗi. Ko ba ka da lambu, abin da za ka koya yau zai taimake ka wajen adana na'ana'a da ganyen miya.

FURE BA YA JIRA

A ƙasar Kenya akwai wani tabki mai suna Naibasha, kamar kilomita 90 daga Nairobi, babban birnin ƙasar. Wurin tudu ne, ya kusa mita 1,900 bisa teku. Rana tana haske sosai, dare kuma yana da sanyi. Furen wardi yana son irin wannan wuri. Dubban mutane, yawancinsu mata, suna aiki a can cikin manyan rumfunan leda.

Da safe a ke yankan wardi. Nan take a tsoma shi cikin bokiti mai ruwan magani, a kai shi ɗakin sanyi. Mota mai sanyi ta ɗauke shi zuwa filin jirgin sama na Nairobi, jirgi ya tashi da shi zuwa Turai. Da yawa daga ciki yana sauka ƙasar Holan. A can akwai babbar kasuwar fure a garin Alsmir, kusa da Amstardam, inda a ke saida miliyoyin furanni kowace ranar aiki. Ƙasar Habasha ma tana aika nata. Kolombiya da Ekwado kuwa, yawancin nasu Amurka su ke kai shi.

Kafin furen ya kai hannun mai saye ya yi kwanaki da barin gona. Mai saye kuma yana so ya yi masa mako guda a ɗaki yana da kyau. In ya yi yaushi da wuri, ba zai sake saye ba.

Dubi abin da ya faru cikin watan Afrilu na 2010. Wani dutse ya yi aman wuta a tsibirin Aislan, toka ta cika sama, jirage suka daina tashi a Turai kusan mako guda. Manoman Kenya suka zubar da tulin fure, don babu hanyar kai shi. Haka aka sake yi cikin watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, a Kenya da Holan duka. Hatsi yana jira cikin rumbu. Albasa tana jira cikin rudu. Fure ba ya jira. Shi ya sa masu wannan sana'a suka yi nazari ƙwarai bisa yadda za a ƙara masa kwana.

FUREN DA AKA YANKE YANA DA RAI

Abu na farko da za ka riƙe shi ne wannan: yanka ba ya kashe fure nan take. Yana ci gaba da numfashi, yana shan ruwa, yana cin abinci. Abin da ya rasa shi ne saiwa da uwar shuka.

Ka taɓa karya ɗanyen karan dawa ko na masara? Ka ga wasu zaruruwa sirara cikin ɓargon? Cikin waɗannan zaruruwa akwai ƙananan bututu. Ta nan ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye. Karan fure ma haka ya ke.

Mi ke jan ruwan sama? Ganye yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke fita ya bi iska, kamar yadda wanki ke bushewa bisa igiya. Duk ruwan da ya fita, sai ya jawo wani daga ƙasa ya maye gurbinsa.

Wani masani a Ingila mai suna Stifen Hels ya auna wannan, ya buga littafi bisa kai a 1727. Ya shuka wata shuka mai babban fure ruwan ɗorawa cikin tukunya, wadda Faransawa ke kira turnesol. Ya riƙa auna nauyin tukunyar safe da yamma. Shukar ta ɗan wuce mita 1 a tsawo. Ya tarar tana fidda ruwa fiye da rabin litir cikin yini guda. A Ingila ke nan, ƙasar sanyi. To, ina ga Tawa cikin bazara?

Abincin shuka kuwa sukari ne. Ganye ke haɗa shi da hasken rana, ya aika wa fure. Fure ba ya yin abincin kansa, ci kawai ya ke. In an yanke shi aka kai ɗaka, haske ya ragu, ganyen da ya rage kaɗan ne. Sai ya koma bisa ɗan guzurin da ke cikin kara. Ranar da guzurin ya ƙare, launi ya kan dushe, ƙullin da bai buɗe ba ya kan mutu a ƙulle.

MI KE KASHE SHI?

Abokan gabar fure huɗu ne: ƙishirwa, yunwa, zafi, da wata iska mai suna etilen. Mafi muni ita ce ƙishirwa.

Za ka ce: ƙaƙa fure zai ji ƙishirwa alhali ƙafarsa tana cikin ruwa? Dalili shi ne bututun nan suna toshewa. Abu biyu ke toshe su.

Na ɗaya, iska. Lokacin da wuƙa ta ratsa kara, ganye bai daina jan ruwa ba. Tun da babu ruwa a bakin yankan, sai ya ja iska. Iskar ta tsaya cikin bututu, ta tare hanya.

Na biyu, ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira bakteriya. Su ne ke sa miya ta yi tsami in ta kwana. Suna bisa kara, da wuƙa, da hannu, da cikin kwalbar da ba a wanke ba. In sun samu ɗumi da abinci, ɗaya tana iya rabuwa biyu cikin minti 30. Yi lissafi: 1 ta zama 2, 2 su zama 4, 4 su zama 8. In an ninka haka sau 20, ɗaya ta wuce miliyan. Awa 10 ke nan kacal. Su ne ke taruwa a bakin kara su liƙe shi.

Ga alamun da za ka gani. Ruwa ya yi gurɓi-gurɓi. Ya fara wari. Gindin kara ya yi yauƙi. In wardi ne, sai wuyansa ya lanƙwashe, kan ya sunkuya tun bai gama buɗewa ba.

MAGANI: ABU UKU CIKIN RUWA

A Turai da Amurka, in ka sayi fure a kan ba ka ɗan ƙunshin gari ka zuba cikin ruwa. A Amurka tun 1938 a ke saida wani mai suna Floralife. A Holan akwai wani mai suna Chrysal. Sunaye sun bambanta, amma tushen aikin ɗaya ne: abinci, tsami, da abin kashe bakteriya. Duka ukun ana samun madadinsu a kasuwarmu.

Na ɗaya, sukari. Shi ne abincin fure. Yana sa ƙulli ya buɗe, launi ya fito, fure ya daɗe. Amma ka lura da kyau: bakteriya ma suna son sukari. In ka zuba sukari kaɗai, su ka ciyar. Ruwan zai lalace da sauri fiye da ruwan da ba a sa wa komi ba.

Na biyu, ruwan jabel. Shi ke kashe bakteriya. Sunansa ya fito daga wani ƙauye mai suna Jabel, wanda yanzu unguwa ce cikin birnin Paris. A can aka fara haɗa shi a 1789, bisa binciken wani masani Bafaranshe mai suna Bartole. Kaɗan a ke sawa. In ya yi yawa ya kan ƙona kara, ganye ya yi fari.

Na uku, lemun tsami. Ruwa mai ɗan tsami ya fi saurin hawa cikin kara, kuma bakteriya ba su cika yaɗuwa a cikinsa ba. Masana suna da ma'aunin tsami da ke tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne. Fure ya fi son ruwa tsakanin 3 da rabi zuwa 5.

Mata sun san wannan tun da daɗewa: kanwa tana kashe tsamin yakuwa, tsami kuma yana kashe kaifin kanwa. Akwai rijiyoyin da ruwansu ke da ɗanɗanon kanwa ko gishiri. Irin wannan ruwa bai dace da fure ba. In da hali, nemi ruwan famfo ko ruwan sama mai tsabta.

Kana iya gwada ruwanka da zoɓo. Jiƙa zoɓo ba sukari. Zuba kaɗan cikin kofin ruwan da za ka gwada. In ruwan yana da tsami, launin zai tsaya ja. In yana da kanwa, jan zai dushe, ya koma baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi.

YADDA ZA KA HAƊA

Ga awo na litir 1 na ruwa mai tsabta:

Sukari: babban cokali 1. In na ƙwaya ne, ƙwaya 2 ko 3.
Ruwan lemun tsami tatacce: babban cokali 2.
Ruwan jabel: rabin ƙaramin cokali.

Babban cokali shi ne na cin abinci. Ƙarami shi ne na shayi. Ƙananan cokula 3 su ne babba 1.

Bi wannan tsari, kada ka sauya shi. Fara zuba ruwa duka. Sa sukari, ka motsa har ya narke. Sa lemun tsami bayan ka tace shi, don tsaki da ƴaƴa kada su shiga, ka motsa. Daga ƙarshe sa jabel, ka sake motsawa. Yi wannan aiki a waje ko inda iska ke shiga.

In bokiti ne mai litir 10, sai ka ninka komi sau 10: sukari babban cokali 10, lemun tsami babban cokali 20, jabel ƙaramin cokali 5.

In babu lemun tsami, farin binegar yana yi, shi ma babban cokali 2 ga litir 1.

Wannan awo na jabel ɗin ruwa ne, wanda a ke saida wa cikin kwalba don wanki. Na gari da na ƙwaya sun fi shi ƙarfi nesa, kada ka auna su da wannan cokali. Jabel kuma yana rasa ƙarfi in ya daɗe cikin rana da zafi. Ajiye shi cikin inuwa, a rufe.

Kada ka ƙara sukari don kana son fure ya ƙoshi. Wardi in sukari ya yi masa yawa, ganyensa ya kan bushe. Akwai furanni masu ƙulli da yawa jere bisa kara ɗaya, kamar giladiyol da tuberoz. Su manoma kan tsoma su cikin ruwa mai sukari sosai, gram 200 ga litir 1, na kwana guda kaɗai, sa'an nan a maida su cikin ruwan yau da kullum. Wannan aikin mai lambu ne kafin ya kai kasuwa.

Zuba ruwan maganin cikin kwalbar gilas ko roba. Kada ka sa shi cikin gwangwani ko kwanon ƙarfe, don tsami da jabel suna cin ƙarfe. Tulun ƙasa yana da kyau ga ido, amma jikinsa yana da ƙananan ramuka inda bakteriya ke ɓuya. In kana son tulu, sa kwalba cikinsa, fure ya zauna cikin kwalbar.

HATTARA!

Rigakafi ya fi magani. Riƙe waɗannan da kyau.

Kada ka taɓa haɗa jabel da lemun tsami ko binegar kai tsaye, ba ruwa. In sun haɗu da ƙarfinsu, wata iska mai guba ce ke tashi. Tana ƙona ido, da hanci, da ƙirji. Shi ya sa muka ce ruwa da farko, jabel daga ƙarshe, kuma kaɗan.

Wannan ruwa ba na sha ba ne. Yana da zaƙi da tsami, yaro zai iya ɗauka lemu ne. Kada ka ajiye shi cikin kwalbar abin sha. Haɗa daidai wanda za ka yi aiki da shi. Kwalbar jabel kuwa, sa ta inda hannun yaro ba ya kai. In yaro ya sha jabel, kada a sa shi amai. A kurkure masa baki, a kai shi gidan likita maza-maza, tare da kwalbar.

Wasu furanni masu kyau guba ne. Kariya tana da guba. Haka wata itaciya da a ke shukawa a bakin hanya da gidaje, mai dogon ganye da fure ja-ja ko fari, wadda Faransawa ke kira loriye-roz. Nonon tumfafiya kuma yana lahanta ido. In ka taɓa su, wanke hannu da sabulu. Ruwan da fure ya zauna ciki, kada a ba dabbobi ko kaji.

AIKIN DA KE GABAN MAGANI

Magani ba ya gyara aikin da aka ɓata tun a lambu. Ga yadda za ka yi.

1. Yanke fure da sassafe, lokacin da kara ke cike da ruwa. In ba ka samu ba, da maraice. Kada ka yanka da tsakar rana.

2. Tafi da bokitin ruwa cikin lambu. Kana yanka, kana tsomawa. Kada ka tara fure a hannu ko a ƙasa.

3. Wuƙa ta zama mai kaifi da tsabta. Dakusasshiyar wuƙa tana murƙushe bututun ruwa.

4. San lokacin kowane fure. Wardi, sa'ad da ƙulli ya nuna launi ya fara sassautawa. Giladiyol, sa'ad da ƙulli ɗaya ko biyu na ƙasa suka nuna launi. Ziniya kuwa sai ta buɗe duka. Kama karanta ka girgiza: in kan yana lilo, ba ta isa ba; in ya tsaya ƙyam, yanke.

5. Wanke kwalba da sabulu, ka ɗauraye da ruwa mai ɗan jabel. Kwalbar da ba za ka yarda ka sha ruwa cikinta ba, ba ta dace da fure ba.

6. Cire duk ganyen da zai nutse cikin ruwa. Ganye cikin ruwa ruɓewa ya ke. Bar na sama.

7. Kafin ka sa fure cikin kwalba, sake yanke gindin kara santimita 2 ko 3, a karkace. Wannan yana fidda wurin da iska ta toshe. Tsoma shi nan take.

8. Bar shi cikin inuwa mai sanyi awa 2 ko 3 ya sha ruwa ya ƙoshi, kafin ka ɗaura dami ko ka kai kasuwa.

In karan yana fidda farin nono, nonon ya kan daskare ya rufe bakin yanka. Tsoma gindin kara kaɗai cikin tafasasshen ruwa, ka ƙirga daga 1 zuwa 15, ka kare furen daga tururi, sa'an nan ka sa shi cikin kwalba.

Bayan haka, kowace safiya duba ruwan, ka ƙara in ya ragu. Bayan kwana 2 zubar da shi duka, don ƙarfin jabel ya tafi. Wanke kwalba, rage gindin kara santimita 1 ko 2, zuba sabon haɗi. Cikin bazara yi haka kullum. Furen da ya mutu, fidda shi daga cikin sauran.

In wardi ya sunkuyar da kai da wuri, sau da yawa ana iya ceto shi. Yanke gindin kara kamar santimita 5. Naɗe kan da takarda don wuya ya miƙe. Tsoma karan cikin ruwa mai ɗumi, irin na wankan jariri, ka bar shi cikin inuwa awa 1 ko 2.

ISKAR DA KE TSUFAR DA FURE

Ka san in an rufe ɗanyen mangwaro ko ayaba cikin buhu tare da nunannu, sun fi saurin nuna. Dalili shi ne ɗiyan itace masu nuna suna fidda wata iska mai suna etilen. Ido ba ya ganinta. Ita ke gaya wa ɗan itace ya nuna. Ita kuma ke gaya wa fure ya tsufa ya zube.

A 1901 wani ɗalibi a ƙasar Rasha mai suna Nelyubo ya lura shukar da ya ke gwaji da ita tana girma a karkace. Ya gano etilen ce, daga gas ɗin da a ke kunna fitila da shi a zamanin. A 1934 wani masani a Ingila ya nuna cewa tuffa mai nuna ita da kanta ke fidda wannan iska.

Saboda haka kada ka ajiye fure kusa da mangwaro, ayaba, ko tumatir nunannu. Nisanta shi da hayaƙin murhu, da na taba, da na mota ko babur, don su ma suna ɗauke da etilen. Furen da ya fara mutuwa ma yana fidda ta.

Manyan manoma suna da maganin wannan. A 1978 masana a Holan suka samo wani haɗi mai azurfa wanda ke hana etilen aiki. Wani fure mai suna karnashin, in an shayar da shi wannan haɗi, kwanakinsa kan ninka. Amma ragowar ruwan azurfa yana ɓata ƙasa da ruwa. A 1999 aka ba da izni a Amurka ga wani sabon magani mai suna 1-MCP, wanda a ke turara wa fure cikin rufaffen ɗaki. Waɗannan na manyan gonaki ne. Kai naka magani shi ne nisantawa.

SANYI

Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, fure yana cinye guzurinsa ninki 2 ko 3. Shi ya sa a ke ajiye wardi cikin ɗaki mai sanyin digiri 2 zuwa 4. Da irin wannan sanyi har ta jirgin ruwa a ke kai fure daga Mombasa zuwa Holan. Mu kuwa, cikin Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce digiri 40.

To, mai rashin firigo fa? Nemi wuri mafi sanyi a gida. Ɗakin ƙasa ko na ciyawa ya fi ɗakin kwano. Kusa da randa akwai sanyi da laima. Kada rana ta faɗa bisa fure ta taga. Kada fanka ta hura shi kai tsaye. Iskar hunturu tana da sanyi amma busasshiya ce, tana tsotse ruwa. Kare fure daga gare ta. In za ka kasuwa, tashi da asuba, fure cikin bokiti, jiƙaƙƙen zane bisa kai ba tare da ya danne shi ba.

Akwai kuma dabarar tukunya biyu. A sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen zane. Ruwa yana bushewa, ciki yana sanyi. Wani malami a jihar Jigawa ta Najeriya, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa ta, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ta fi aiki lokacin rani, sa'ad da iska ta bushe.

In kana da firigo, kada ka sa fure inda ruwa ke ƙanƙara, kuma kada ka haɗa shi da ɗiyan itace. Furannin da asalinsu ƙasashen zafi da ruwan sama ne, kamar anturiyom, sanyi ƙasa da digiri 10 yana baƙanta su.

ABIN DA MUTANE KE FAƊA

Wasu sun ce a jefa ƙwayar asfirin cikin ruwa. Wasu sun ce a jefa tsabar kuɗi mai jan ƙarfe. Gwaje-gwaje ba su nuna waɗannan abin dogara ba ne. Wasu kuma sun ce a daddaka gindin kara don ya sha ruwa. Wannan ɓarna ce: bututu sun murƙushe, bakteriya sun samu abinci.

Ka sani kuma kowane fure da iyakar kwanakinsa. Dangin kuɓewa, da rama, da yakuwa, furensu na yini guda ne, babu maganin da zai ƙara masa. Cikin ɗaki mai sanyi, wardi da ziniya kan yi kamar mako guda, karnashin kan kai mako biyu. Cikin zafinmu kwanakin kan ragu. In don sayarwa za ka shuka, zaɓi mai daɗewa.

NA'ANA'A DA GANYEN MIYA

Damin na'ana'a, ko alayyafo, ko seleri, shi ma yankakken kara ne mai rai. Yanke gindinsa kaɗan, cire ganyen ƙasa, tsaida shi cikin kofi mai ruwa mai tsabta, cikin inuwa. Sauya ruwan kullum. Amma abin da za a ci, ruwa zalla a ke sa masa. Haɗin sukari da jabel na furen ado ne kaɗai.

Mai sayarwa, yi wannan lissafi. A ce ka yanke dami 10. Ranar farko ka saida 6. In sauran 4 sun yi yaushi kafin gobe, ka yi asarar 4 cikin 10, tare da ruwan da ka ɗebo da wahalar da ka sha. In sun kai jibi da kyaunsu, duk kuɗinka ne.

GANI YA KORI JI

Gwada da kanka. Nemi kwalba 4 masu tsabta, da fure 4 iri ɗaya da aka yanke lokaci ɗaya. Rubuta lamba bisa kowace kwalba.

Kwalba ta 1: ruwa zalla.
Kwalba ta 2: ruwa da sukari kaɗai.
Kwalba ta 3: ruwa da jabel kaɗai.
Kwalba ta 4: cikakken haɗi.

Jera su wuri ɗaya cikin inuwa. Kowace safiya duba, ka rubuta abin da ka gani: wane ruwa ya fara gurɓata, wane fure ya fara sunkuyawa, wane ya fi buɗewa. In duka sun mutu, ƙirga kwanakin kowane. Ta haka za ka san abin da ya dace da ruwan garinku da irin furenka.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abu biyu ke toshe karan fure?
2. Don mi ba a sa sukari shi kaɗai?
3. In ruwa litir 4 ne, ƙaramin cokali nawa na jabel za ka sa?
4. Don mi ba a haɗa jabel da lemun tsami ba ruwa?
5. Don mi ba a ajiye fure kusa da mangwaro?

Ku tattauna amsoshin tsakaninku. Wanda ya yi gwajin kwalba 4, ya nuna wa maƙwabtansa abin da ya samu.